Darasi: Kyamarar Gaban Mota da Lambar da Ta Ƙi Karantuwa

A ɗauki misalin direban da ya taso daga Dosso bayan la'asar, ya nufo Gaya da lodin albasa. Saura kaɗan ya shigo gari wata farar mota ta zo wuce shi, ta goge masa gefe, ta fasa madubi, ta ƙara wuta. Bai tayar da hankalinsa ba, don watanni uku ke nan da ya liƙa kyamara a gilashin gaba. Da ya iso tasha sai yaron mota ya zare katin, ya sa a waya, abokan aiki suka kewaye su. Ga motar nan, ga ƙurar da ta tayar. Amma rabin hoton hasken rana ya cinye shi, inuwar takardun da ke kan dashbod ta kwanta a tsakiya, wurin lamba kuwa wani farin tabo ne kawai. Yaron ya matso da hoton, ya sake matsowa, sannan ya ce, "Maigida, ba ta kama lambar ba." Kwanan watan da ke ƙasan hoton ma na wata shekara ce da ta wuce tuni.

Wannan darasi a kan wannan tabon yake. Kyamarar gaban mota shaida ce, kuma ma'auninta ɗaya ne: ko ana iya karanta lambar motar da ke gaba, a ga fitilarta da layin da take bi, a san rana da sa'a. Akasarin abin da ke hana ta yin haka ba ya cikin kyamarar. Yana jikin gilashi, ko a wurin da aka liƙa ta, ko a katin da aka saya da araha.

Me ya sa Gaya

Gayar da ake magana a kanta ita ce ta ƙasar Dandi, a jihar Dosso ta Jamhuriyar Nijar, ba ta Kano ba. Tana bakin kogin Kwara, tsallaken ruwa ga Malanbil ta ƙasar Benin, kuma gada ta haɗa garuruwan biyu tun 1958. Daga gabas, tafiya kaɗan, ga Kamba, hedkwatar ƙaramar hukumar Dandi a jihar Kebbi ta Najeriya. Shekaru da dama ta nan kayan tashar jiragen ruwa ta Kwatano suka riƙa shigowa Nijar: su biyo Parakou da Kandi, su haye gada, su kama hanyar RN7 mai kimanin kilomita 150 zuwa Dosso, daga nan sai Yamai. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe gadar, kuma ko da ƙungiyar CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Nijar ta bar ɓangarenta a rufe, mutane da ƙananan kaya suka koma tsallaka kogi a kwalekwale. Duk da haka garin bai daina zama mahaɗar motoci masu lambobin ƙasashe daban-daban ba.

Inda lambobi suka bambanta, nan gardama ta fi wuyar warwarewa. Wanda ya buge ka yana iya kwana a wata ƙasa a daren. Ba banza ba ne tun 1982 shugabannin Afirka ta Yamma suka sa hannu a Kwatano kan yarjejeniyar katin inshora na ƙetare iyaka. Amma inshora da jandarma duka suna son hujja. A Rasha, irin wannan buƙata ce ta sa direbobi da yawa suka liƙa kyamara, har ta kai ranar 15 ga Fabrairun 2013 da wani dutse ya faɗo daga sararin samaniya ya fashe a saman birnin Chelyabinsk, duniya ta kalli abin ta gilashin motocin masu tafiya aiki da safe.

A fara da abin da ba ya cin kuɗi

Kyamara ta cikin gilashi take kallo, don haka duk dattin da ke jikinsa nata ne. Idon mutum yana tsallake ƙura ya dubi nesa, ita kuwa duk abin da aka sa gabanta shi take ɗauka. A lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, hazo kan shimfiɗa wa gilashi farar ƙura cikin sa'o'i kaɗan, da damina kuma, a wannan yanki da ya fi ko'ina samun ruwa a Nijar, ƙwari ne ke fashewa a jikinsa da daddare. Direbobi suna wanke waje. Ciki ne ake mantawa da shi, alhali nan hayaƙin taba da maiƙon hannu da tururin robar dashbod ke taruwa su zama wani dishi-dishi da ba a lura da shi sai fitila ta haska, sai a ga kowace fitila ta yi gashi.

Idon kyamarar ma yana son kulawa. Sabuwa kan zo da 'yar leda a manne a kansa, kuma akwai masu barinta don kada ya ƙarce, kamar yadda ake barin ledar kujerar sabuwar mota. Wannan leda ita ce farkon abin da za a cire. Wajen gogewa, kada a sa bakin riga a busasshen ido, domin ƙurar hunturu yashi ne mai laushi, idon da yawa daga cikin kyamarorin araha kuma roba ne. A fara hure ƙurar, sannan a goge da tattausan ƙyalle irin na tabarau. Ƙarcewa ba ta gyaruwa.

Sai wurin liƙawa. Mafi dacewa shi ne sama a tsakiya, kusa da madubin ciki, inda ba za ta tare wa direba gani ba, amma a cikin filin da waifa ke sharewa. Wanda ya liƙa ta can ƙurya, ranar da aka yi ruwa ɗigon ruwa kawai zai ɗauka. Idan hoton yana rawa, a taɓa mariƙin: robar da ake dannawa ta kama gilashi tana saki da zafi, doguwar wuya kuma tana ƙara girgiza a hanya mai ramuka. Gajeren mariƙi mai gam ya fi.

Inuwar dashbod matsala ce da kusan kowace motar haya ke da ita, domin nan ne ma'ajin takardun duwan da rasit da carbi da hula. Rana ta haska su, gilashi ya mayar da surarsu cikin idon kyamara. Magani shi ne a kwashe su, a shimfiɗa baƙin ƙyalle marar sheƙi, a kuma daina shafa wa dashbod man ƙyalli. Akwai wani ɗan gilashin tace haske da ake sawa a bakin ido, ana rubuta CPL a kwalinsa, yana rage wannan inuwa sosai idan an murɗa shi daidai. Sai dai yana cinye fiye da rabin hasken da ke shiga, don haka mai yawan tafiyar dare ya yi tunani kafin ya saya.

Rana

Kyamara tana auna hasken da ke gabanta ne ta yanke shawarar yadda za ta buɗe ido. Idan sama ta cika hoton, sai ta ɗauka duniya duka haske ce, ta tsuke, hanya da motoci su koma baƙi. Don haka ake sunkuyar da ita har hanya ta ci kamar kashi 60 cikin 100 na hoton, sama ta ci sauran, bakin bonet ya ɗan leƙo daga ƙasa.

Mai bin hanyar Kamba ya san wannan wahala da idonsa. Da safe gabas ya nufa, rana na fuskarsa; da yamma ya juyo Gaya, rana ta sake tare shi. A cikin saitin kyamara akwai abubuwa biyu da ke taimakawa. Na farko ana rubuta shi WDR ko HDR, aikinsa daidaita wuri mai haske da wuri mai duhu a hoto ɗaya, kuma a ƙasa mai rana irin wannan ya kamata ya zauna a kunne. Na biyu EV ne, mai lambobi daga ƙasa da sifiri zuwa sama da shi. Idan fari yana cinye hoto, a sauke shi mataki ɗaya ko biyu, zuwa -0.3 ko -0.7. Hoton da ya ɗan yi duhu ana iya haskaka shi a waya daga baya, amma wurin da ya ƙone fari fat babu abin da ya rage a cikinsa.

Dare da gudu

A nan ne direbobi suka fi zargin kyamara, kuma a nan ne ya kamata a fahimci iyakarta. Bidiyo hotuna ne a jere, galibi 30 a daƙiƙa ɗaya. Kowane hoto sai ido ya buɗe ya sha haske ya rufe. Da rana tsaka, kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa ya ishe shi. Da daddare haske ya yi ƙaranci, sai ya zauna a buɗe har kashi ɗaya cikin 30 na daƙiƙa.

A yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Idan wata tana tahowa da irin wannan gudu, tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa da mita 50 a daƙiƙa. A cikin kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa, santimita 5 kacal ta matsa, hoto ya fito tsaf. A cikin kashi ɗaya cikin 30 kuwa, ta matsa fiye da mita ɗaya da rabi ido yana buɗe, sai lambar ta shafe kamar rubutun allo da aka wanke. Ƙari a kan haka, fentin lambar mota an yi shi ne ya mayar da haske, shi ya sa idan direba ya ɗora doguwar wuta a kan motar da ke gabansa, lambar takan koma farin allo. Rage wuta da sauke EV kaɗan suna dawo da haruffan.

Kyamara mai kyakkyawan farantin karɓar haske, irin na kamfanin Sony da ake kira STARVIS, tana rage matsalar, ba ta kawar da ita. Saboda haka akwai dabarar da ta fi kowane saiti sauƙi: a bar makirfon a kunne, idan wani abu ya faru direba ko yaronsa ya karanto lambar da ƙarfi, ya faɗi launin motar da inda ake. Abin da ido ya gani kyamara ba ta kama ba, murya ta adana shi.

Idan fitilun shaguna da na titi suna ƙyaftawa a bidiyo, a duba saitin da ke da 50Hz da 60Hz. Lantarkin Nijar da Benin da Najeriya duka 50 ne. Na Amurka ne 60, kuma wasu kyamarori a kansa suke zuwa.

Abin da aka rubuta a kwali

Hoto ɗigo-ɗigo ne. Wanda ake kira 1080p yana da ɗigo 1920 a faɗi da 1080 a tsaye, kimanin miliyan 2. Na 1440p ya kai miliyan 3.7, na 4K kuma miliyan 8.3. Idon kyamarar mota mai faɗin gani ne, kuma faɗin yana da tsada. A ce a nisan mita 10 tana ganin fili mai faɗin mita 25: ɗigo 1920 aka raba wa mita 25, kowace mita ta samu kusan 77. Lamba mai faɗin rabin mita ta tashi da ɗigo 38, a raba wa haruffa bakwai ko takwas, kowanne ya samu biyar. Da ƙyar a bambanta 8 da B. Lambar Najeriya ma ba ta kai rabin mita ba. A nisan mita 5 rabon ya ninka, a nan ne karatu ke yiwuwa. Wannan ne dalilin da matso da hoto a waya ba ya fito da abin da babu.

Sai a yi hattara da kwali. Kasuwa cike take da kyamarori masu rubutun 4K da manyan baƙaƙe, alhali farantin cikinsu na miliyan 2 ne ko ƙasa, na'urar tana buɗa hoton ne kamar mai ƙara wa kunu ruwa. Araha ba ta ado. Kyamarar 1080p ta gaskiya ta fi 4K ta ƙarya, kuma hanyar ganewa ita ce a ɗauki bidiyo a ƙofar shagon, a duba shi a babban allo kafin a biya. Ƙaramin allon da ke bayan kyamara kowane hoto kyau yake yi masa.

Zafi da wuta

A watan Afrilu zafin Gaya yana wuce digiri 40 a inuwa, cikin motar da aka rufe a rana kuwa, kusa da gilashi, yana iya haura 70. Motar da ke jiran takardu tana iya yin yini a haka. Zafi yana sa robar ido ta motsa, sai kyamarar da ke fito da hoto garau da asuba ta koma dishi-dishi da azahar. Idan ta warware da sanyin yamma, zafi ne. Idan ta zauna a haka, idon ya goce ke nan. Ƙaramin batirin da ke cikin wasu kyamarori yana kumbura, kuma batirin da ya kumbura a cire kyamarar daga mota nan take, don yana iya kama wuta. Kyamarori masu amfani da kafasita maimakon batiri sun fi jure wannan ƙasa. Wanda zai daɗe a tsaye ya zare kyamarar ko ya rufe gilashin da kwali.

Kyamara wutar bolt 5 take ci. Ƙaramar mota tana ba da 12, manyan motocin ɗaukar kaya galibi 24. Direban tirela ya tabbata an rubuta 12 zuwa 24 a jikin cajar. Layuka masu yawo a hoto, ko kyamara ta riƙa mutuwa tana tashi, yawanci daga caja ne ko wayar da ta saki, musamman idan an haɗa ta rami ɗaya da wayoyin fasinjoji.

Katin da ke ƙarya

Babu abin da ke cin amanar direba kamar katin memori, domin kyamara tana iya nuna jar fitilarta tana ƙyaftawa alhali ba abin da ke shiga. Katin waya hutawa yake yi, na kyamarar mota kuwa rubutu yake sha ba tsayawa, ya cika, a share, a sake. Kowane kati yana da iyakar rubutun da zai ɗauka kafin ya gaji. Alamun gajiya su ne bidiyo mai tsalle, hoto mai farfashewa gida-gida, da fayil ɗin da ya ƙi buɗewa. A nemi mai alamar U3 ko V30, ma'ana yana karɓar aƙalla megabait 30 a daƙiƙa, kuma idan da hali a sayi irin wanda aka yi musamman don kyamarorin tsaro. Akwai kuma na jabu: an rubuta giga 64 ko 128, cikinsa bai wuce 8 ba, yana karɓar komai yana zubarwa. Gwajinsa shi ne a cika shi da bidiyo a kwamfuta, sannan a buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe.

Girman kati lissafin tafiya ne. Kyamarar 1080p takan ci kimanin giga 6 a awa, don haka katin giga 32 yana riƙe abin da bai wuce awa biyar da 'yan mintoci ba, daga nan sabo ya hau kan tsoho. Daga Gaya zuwa Yamai kusan kilomita 300 ne. Babbar mota mai lodi, da tsaye-tsayen shinge, tana iya isa bayan abin da ya faru a fitar gari ya riga ya goge. Shi ya sa kowace kyamara ke da maɓallin kulle fayil, kuma ya kamata hannun direba ya san inda yake ko a duhu. Wanda abu ya same shi ya danna, in ya tsaya ya zare katin ya sa wani.

Akwai kuma wani tarko da hanyoyin wannan yanki ke ɗanawa. A cikin kyamara akwai ma'aunin girgiza da ke kulle fayil da kansa idan ya ji karo. Shi bai san bambancin karo da rami ba. A hanyar ƙauye ko wurin da kwalta ta farfashe, sai ya yi ta kullewa har katin ya cika da fayilolin da ba su gogewa, kyamara ta daina ɗauka shiru. A sauke ƙarfin jinsa zuwa mafi ƙanƙanta, a kuma riƙa wanke katin, abin da masu gyaran waya ke kira fomat, a cikin kyamarar kanta, sau ɗaya a wata.

Rana da sa'a, da hanyar miƙa shaida

Bidiyon da ke ɗauke da kwanan watan ƙarya yana ba abokin gardama ƙofar musu. Nijar da Benin da Najeriya agogonsu ɗaya ne, awa ɗaya gaba da GMT, don haka mai kyamara da GPS ya zaɓi +1 ya huta. Idan kwanan wata yana komawa baya duk lokacin da aka kashe mota, ƙaramin batirin da ke riƙe agogo ne ya mutu.

Sau da yawa kuma hoton yana fita lafiya daga kyamara, a hanya yake lalacewa. WhatsApp yana matse bidiyo don ya yi sauƙin tafiya, lambar da ake karantawa a kati sai ta narke a wayar wanda aka tura wa. A tura shi a matsayin fayil, ko a kwafa kai tsaye daga kati, a kuma ajiye na asali ba tare da an yanke ko an ƙara masa komai ba. Gaya garin iyaka ne mai shingayen sojoji da jandarma da duwan, kuma ɗaukar hoton wuraren tsaro yana iya jawo wa mutum tuhuma. Idan jami'i ya ce a kashe, a kashe, kuma abin da aka ɗauka a irin waɗannan wurare ba na yaɗawa ba ne.

Aikin gwaji

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka wannan aiki na ranar hutu ne, kuma ɗalibai biyu ko uku za su iya haɗuwa a kan mota ɗaya. A sami fili, a ajiye wata mota a gaba, a auna mita 5 da 10 da 15 da igiya ko da taki. A kowane nisa a ɗauki bidiyon daƙiƙa goma da gilashi yadda yake. Sannan a wanke gilashin ciki da waje, a goge ido, a kwashe kayan dashbod, a gyara sunkuyon kyamara, a sake ɗauka. A maimaita bayan isha'i, sau ɗaya da gajeriyar wuta, sau ɗaya da doguwa, sau ɗaya da EV a kan -0.3.

A duba bidiyon a kwamfuta ko babbar waya, a miƙa wa wanda bai san motar ba ya karanto lambar. Kowa ya rubuta a littafinsa nisan da aka iya karantawa da rana da wanda aka iya da dare, da canjin da ya fi kawo bambanci, da girman fayil ɗin minti ɗaya, don a lissafa awa nawa katinsa ke riƙewa. A zo da littafin da katin a zama na gaba.